Tarihin Lamuni Mai Biyan Kansa: Yadda Biranen Amurka Suka Samar da Ruwan Famfo da Magudanan Ƙazanta da Kuɗin Aro

Gabatarwa

A cikin ayyukan raya gari babu mai lashe kuɗi wuri guda kamar aikin ruwan famfo da na magudanan ƙazanta. Makaranta ana iya gina ta aji-aji, hanya ana iya shimfiɗa ta mil-mil, amma famfo sai an tare kogi, an kafa injin turo ruwa, an gina tanki, an binne bututu har ƙofar gida kafin a ga ɗigo ɗaya. Harajin shekara guda ba ya iya ɗaukar wannan nauyi. Saboda haka tun da aka fara irin waɗannan ayyuka tambayar da ke gaban mahukunta ita ce, wa zai ba da kuɗin yau, kuma daga aljihun wa za a biya shi gobe?

Wannan takarda za ta bi diddigin wata amsa da aka bayar a ƙasar Amurka, wato dabarar cin bashi don gina aikin ruwa bisa sharaɗin cewa aikin ne zai biya bashinsa daga abin da yake samu, ba baitulmalin gari ba. Za mu kira shi lamuni mai biyan kansa. Ita dai takardar lamuni takarda ce da hukuma ke sayar wa duk mai kuɗi, a jikinta an rubuta adadin da ya bayar, da ƙarin da za a riƙa ba shi duk shekara, da ranar da za a mayar masa da uwar kuɗinsa.

Akwai kuma wata 'yar matsala ta harshe da ya kamata a kawar tun da wuri. Bahaushe in ya ce "kuɗin ruwa", yana iya nufin abin da ake biyan hukumar ruwa duk wata, yana kuma iya nufin ƙarin da mai ba da bashi ke ɗorawa a kan uwar kuɗi. A wannan tarihi kuwa su biyun ne ke kokawa da juna daga farko har ƙarshe. Don kada mai karatu ya rikice, na farkon za a riƙa kiran sa kuɗin famfo, na biyun kuma ruwan bashi.

Annoba da Gobara

A shekarar 1793 annobar zazzaɓin shawara ta faɗa wa birnin Filadelfiya, wanda a lokacin shi ne hedkwatar Amurka, ta kashe kimanin mutum 5,000 a garin da bai wuce mutum 50,000 ba. Likitocin zamanin sun ɗora laifin a kan ƙazanta da wari da ruwan rijiyoyin da suka kusanci masai. Sai bayan shekara ɗari aka tabbatar cewa sauro ne ke yaɗa cutar. Wato bisa kuskuren fahimta aka gina aikin ruwan, amma dai ya yi amfani.

A 1799 majalisar birnin ta amince da tsarin wani injiniya, Benjamin Latrobe, na ɗago ruwan kogin Schuylkill da injin tururi, a rarraba shi ta cikin gungumen itace da aka fafe. Ta kuma yarda a aro dala 150,000, aka kwaɗaita wa masu sayen takardun da cewa za a ba su ruwa kyauta har shekara uku. Fatan shi ne kuɗin famfo zai biya bashin. Ruwa ya fara gudana a 1801, amma lissafi bai fita ba. An kafa famfunan titi da kowa ke ɗiba ba ko sisi, saboda haka magidanta kaɗan ne suka ga dalilin biya a ja musu ruwa cikin gida. Injinan kuma ga cin itace da gawayi, ga yawan lalacewa. Haraji ne ya riƙa cike giɓin shekara da shekaru.

Birnin Niyok ya fara ne da miƙa al'amarin ga 'yan kasuwa. A 1799 aka ba Kamfanin Manhattan, wanda ɗan siyasar nan Aaron Burr ya jagoranci kafawa, izinin kawo ruwa. Sai dai an cusa wani sashe a cikin takardar izinin da ya halatta wa kamfanin juya rarar jarinsa yadda ya ga dama. Nan da nan ya buɗe banki, ya mai da aikin ruwa saniyar ware. Wannan banki, bayan haɗe-haɗe masu yawa, yana cikin kakannin bankin JPMorgan Chase, wanda za mu sake gamuwa da shi a ƙarshen wannan tarihi.

Kwalara ta 1832 ta kashe kimanin mutum 3,500 a Niyok. A 1835 aka tambayi jama'a ta hanyar ƙuri'a ko sun yarda birni ya ci bashi ya jawo ruwan kogin Croton daga nisan mil 41, suka amince da gagarumin rinjaye. A watan Disamba na wannan shekarar gobara ta cinye gine-gine kusan 700 a tsakiyar unguwar kasuwanci, ta rufe bakin sauran masu ja. Ruwan ya iso a 1842, bayan an kashe fiye da dala miliyan 11. Abin lura a nan shi ne irin alkawarin da birnin ya yi wa masu ba shi bashi: ya jingina musu ikonsa na sanya haraji baki ɗaya. Ko famfo ya kawo kuɗi ko bai kawo ba, za a biya su daga harajin gidaje da filaye. Irin wannan shi za mu kira lamunin haraji, kuma shi ne aka sani a duk tsawon wancan ƙarni.

Yadda Aka Sa wa Hukumomi Takunkumi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na jihohin Amurka a shekarun 1830 ya wuce misali. Sun ciwo shi, mafi yawa daga masu kuɗin Landan da Amsterdam, don haƙa hanyoyin jiragen ruwa da kafa bankuna. Da kasuwa ta karye a 1837, ba a jima ba jihohi takwas da yankin Florida suka kasa biyan ruwan bashinsu a 1841 da 1842. Jama'a suka fusata, jiha bayan jiha aka gyara tsarin mulki aka hana gwamnatin jiha cin bashi mai yawa sai da yardar masu zaɓe.

Da aka toshe wannan ƙofa sai birane da gundumomi suka gaji halin. Kowane gari na son jirgin ƙasa ya bi ta kansa, sai ya ci bashi ya tallafa wa kamfanin reluwe, wani lokaci ma ba a taɓa shimfiɗa dogon ba. Karyewar kasuwa ta 1873 ta tona asirin da yawa daga cikinsu. Daga nan takunkumin ya sauko kan birane. Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce, bashin gari kada ya wuce wani kaso na ƙimar dukkan gidaje da filayen da ake karɓa wa haraji a cikinsa. Alal misali, tsarin mulkin jihar Illinois na 1870 ya tsayar da shi a kashi 5 cikin 100.

Matsalar ita ce takunkumin ya zo daidai lokacin da aka fi bukatar kuɗi. A ƙarshen ƙarni na 19 ne ilimin ƙwayoyin cuta ya tabbatar cewa taifot da kwalara ta ruwan sha suke shiga mutum, birane kuma na ta cika da baƙi. Ga shi kuma duk garin da ya ja famfo cikin gidaje ya jawo wa kansa larura ta biyu, domin ruwan da ya shiga gida dole ya fita, tsofaffin masai kuwa ba sa iya ɗauka.

Shari'ar Spokane

Spokane ƙaramin birni ne a gabashin jihar Washintan, can arewa maso yammacin ƙasar. Ranar 4 ga Agusta, 1889 gobara ta cinye tsakiyarsa, ruwan famfo kuma ya kasa zuwa da ƙarfin da 'yan kwana-kwana ke bukata. A wannan shekarar ce Washintan ta zama jiha, tsarin mulkinta kuma ya zo da nasa takunkumin: gari ba zai ci bashin da ya wuce kashi 1 da rabi cikin 100 na ƙimar dukiyarsa ba sai uku bisa biyar na masu zaɓe sun yarda, ko sun yarda ɗin ma iyaka kashi 5, da ƙarin wani kashi 5 don ruwa da wutar lantarki da magudanai. Spokane ta yi ta gine-gine bayan gobara, karyewar kasuwa ta 1893 kuma ta same ta, sai ga ta a bakin iyakar bashinta alhali aikin ruwanta bai kammala ba.

Mahukuntan birnin suka fito da dabara. Suka kafa wani asusu na musamman, suka ce wani kaso da aka ƙayyade na kuɗin famfo zai riƙa shiga cikinsa, kuma daga wannan asusu kaɗai za a biya waɗanda suka ba da kuɗin kammala aikin. In asusun ya cika, sun samu. In ya bushe, ba su da ikon taɓa harajin gari. Wani mutum mai suna Winston ya kai ƙara, yana cewa wannan bashi ne ƙiri-ƙiri, an dai sauya masa riga. A 1895 Kotun Ƙolin jihar ta ba birnin gaskiya. Hujjarta ita ce, abin da tsarin mulki ya hana shi ne ɗora wa baitulmali da masu biyan haraji nauyi, wannan kuwa bai ɗora musu komai ba, tunda alkawarin da birni ya ɗauka bai wuce tara kuɗin famfo da zuba shi a asusun ba. Galibin masu rubutu a kan wannan fanni daga nan suke fara ƙirga tarihin lamuni mai biyan kansa a Amurka, kuma kotunan jihohi da dama sun bi wannan fatawa.

A ganin mai wannan rubutu, Winston bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Mutumin da ke biyan haraji shi ne dai ke biyan kuɗin famfo. Aljihu ɗaya ne, hannun da ake zurawa ne ya bambanta. Kuma dabarar ta ƙwace wa jama'a wani haƙƙi, domin a yawancin jihohi irin wannan lamuni ba ya bukatar ƙuri'arsu. Amma ba za a ce hila ce zalla ba. Ta tilasta wa hukumar ruwa ta san lissafinta, ta sa mita, ta bi bashinta, ta raba kuɗinta da na sauran ma'aikatu, abin da ya gagari Filadelfiya a farko. Akwai kuma adalci a cikin a ce bututun da zai yi shekara 50 yana aiki, waɗanda za su sha ruwansa a tsawon lokacin su taru su biya, maimakon a ɗora wa mutanen shekara guda.

Yana da kyau malamai su kwatanta wa ɗalibai wannan da hanyar da Kano ta bi. Aikin ruwa da lantarki da aka yi a farkon zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado a 1926, aka jawo ruwan Chalawa zuwa tankin Goron Dutse, da kuɗin ajiyar Baitulmalin En'e aka yi shi. Wato harajin da talakawa suka riga suka biya ne aka tara har ya isa. A wancan zamani ma baitulmalin En'e-En'e masu ba da bashi ne, domin ana sayen takardun lamuni da wani ɓangare na ajiyarsu a Landan. A nan mutanen jiya ne suka biya wa na gobe. A Spokane na gobe ne aka sa su biya.

Bunƙasa da Yadda Tsarin Yake Aiki

Har zuwa 1930 wannan dabara ba ta zama ruwan dare ba. Babban karayar tattalin arziki da ta fara a 1929 ce ta ɗaukaka ta. Mutane sun kasa biyan harajin gidaje, dubban ƙananan hukumomi suka gaza biyan bashinsu. Sai aka lura cewa magidanci yakan jinkirta haraji, amma ba ya yarda a yanke masa ruwa. Hukumar ayyuka da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa a 1933 a ƙarƙashin Harold Ickes ta riƙa ba garuruwa kyautar kashi 30 cikin 100 na kuɗin aiki, daga baya aka ɗaga zuwa 45, sauran kuma rance. Tunda yawancin garuruwan sun cike iyakar bashinsu, sai gwamnatin tarayya ta matsa wa jihohi su yi dokokin halatta lamuni mai biyan kansa, kuma suka yi. Wani abin da ya taimaka shi ne, tun daga 1913 ba a karɓar harajin tarayya a kan ruwan bashin da mutum ya samu daga takardun birane, don haka masu kuɗi na yarda da ƙaramin ruwa. A yau fiye da rabin takardun lamunin da jihohi da ƙananan hukumomin Amurka ke sayarwa irin wannan ne.

Tunda mai ba da bashin ba shi da jinginar haraji, kuma galibi ba zai iya ƙwace bututu ya sayar ba, kariyarsa tana cikin yarjejeniyar da ake rubutawa. Ana naɗa wani banki a matsayin amintacce mai kula da haƙƙin masu takardu. Kuɗin famfo in ya shigo, yawanci a fara cire na gudanar da aiki, sannan na biyan bashi, sannan a cika wata ajiya da takan kai kimanin biyan shekara guda. Sharaɗi mafi nauyi shi ne wanda hukuma ke alkawarin cewa za ta riƙa tsayar da farashin ruwa yadda abin da ya rage bayan kuɗin gudanarwa zai zarce biyan bashin shekara, galibi da kashi 20 ko 25 cikin 100. Ma'anarsa ita ce, in lissafi ya ƙi, ba a tambayar ko jama'a za su iya. Farashi ne zai hau.

Dokar tsabtace ruwa ta 1972 ta hana birane zuba ƙazanta cikin koguna ba tare da tacewa ba, gwamnatin tarayya kuma ta ɗauki har kashi 75 cikin 100 na kuɗin gina matatu. A 1987 aka fara janye wannan kyauta, aka maye gurbinta da asusun rance mai juyawa a kowace jiha. Dokar ta zauna daram, kuɗin kyauta ya tafi, nauyi ya koma kan lamuni.

Abin da Ya Faru a Gundumar Jefferson

Jefferson ita ce gunduma mafi yawan jama'a a jihar Alabama, da mutum kimanin 660,000, kuma birnin Bamingam na Amurka ne hedkwatarta. Magudananta sun tsufa, duk sanda aka yi ruwan sama mai yawa sai ƙazanta ta malala cikin kogin Cahaba, wanda daga shi ake ɗiban wani ɓangare na ruwan shan birnin. Aka kai ta kotu, a 1996 ta sa hannu a kan yarjejeniyar gyara. Daga 1997 ta fara sayar da takardun lamuni da kuɗin magudana zai biya.

Bashin ya haura dala biliyan 3, alhali ƙiyasin farko bai kai rabin haka ba. An faɗaɗa aikin fiye da abin da kotu ta nema, har da wani ƙaton rami da aka fara haƙawa don ya ratsa ƙarƙashin kogin Cahaba, aka watsar da shi bayan an kashe miliyoyi. 'Yan kwangila kuma suna ta ba jami'ai toshiyar baki. Da kuɗin magudana ya fara hawa jama'a suka fara kuka, sai shugabannin suka nemi hanyar ɓoye ciwon. A 2002 da 2003, bisa jagorancin bankin JPMorgan, suka canza kusan dukkan bashin daga mai tsayayyen ruwa zuwa mai ruwan da ke hawa da sauka, akasari wanda ake tsayar da ruwansa ta hanyar gwanjo lokaci-lokaci, suka kuma ƙulla yarjejeniyoyin musayar ruwan bashi da bankuna, wai don kariya. Tsarin duka ya dogara ne a kan kamfanonin inshorar da suka tsaya wa takardun.

A farkon 2008 waɗannan kamfanoni suka raunana saboda asarar da suka tafka a bashin gidaje. Masu saye suka ƙaurace wa gwanjon, ruwan bashin gundumar ya tashi daga kimanin kashi 3 zuwa kusan kashi 10 cikin 100, bankuna kuma suka nemi a biya su cikin gaggawa. Kafin wannan lokaci kuɗin magudana ya riga ya ninka kusan sau huɗu a kan na 1997.

Mutum fiye da 20 ne kotu ta samu da laifi, cikinsu har da kwamishinonin gunduma. Mafi shahara shi ne Larry Langford, tsohon shugaban majalisar gundumar wanda ya zama magajin garin Bamingam. A 2009 aka same shi da laifin karɓar kuɗi da tufafi da agogo na fiye da dala 200,000 daga wani dillalin takardun lamuni, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara 15. A wannan shekarar hukumar kula da kasuwar hannun jari ta zargi JPMorgan da biyan fiye da dala miliyan 8 ga abokan kwamishinoni a ɓoye don samun cinikin. Bankin bai amsa laifi ba, bai kuma musa ba, amma ya biya dala miliyan 75, ya yafe dala miliyan 647 da yake nema daga gundumar.

A 2010 kotu ta naɗa kantoma a kan hukumar magudanan, aikinsa ya tara wa masu bin bashi kuɗinsu. A nan ne aibin da ke cikin dabarar Spokane ya fito fili. Harajin gida ya san babban gida ya san ƙarami, amma kuɗin famfo da na magudana bai san mai hali da marar hali ba. Bugu da ƙari, gidaje da yawa a unguwannin masu kuɗi na bayan gari sokawe gare su, ba a haɗa su da magudanar ba, saboda haka ba su cikin masu biya, ko da yake su ma suna cin moriyar tsabtar kogin. Nauyin ya fi sauka a kan tsofaffin unguwannin Bamingam, inda galibi baƙaƙen fata ne masu ƙaramin ƙarfi. A ƙarshen 2011 BBC ta ba da rahoton wasu magidanta da suka haƙura da famfo, suna sayen ruwa a jarka suna hayar ban-ɗakin tafi-da-gidanka a bayan gida, domin ya fi musu araha.

Ranar 9 ga Nuwamba, 2011 gundumar ta je kotu ta bayyana cewa ta karye, da bashin da ya haura dala biliyan 4 in an haɗa da sauran basussukanta. Ba a taɓa ganin ƙaramar hukumar da ta karye da bashi mai yawan haka a Amurka ba, sai da birnin Detroit ya zarce ta a 2013. A watan Disamba na 2013 ta fita daga hannun kotu. Masu bin bashin magudana sun yafe kimanin dala biliyan 1.4, kaso mafi tsoka daga JPMorgan. Sauran kuma da wani sabon lamunin aka biya su, na kimanin dala biliyan 1.8, shi ma mai biyan kansa, bisa sharaɗin a ƙara kuɗin magudana da kusan kashi 8 cikin 100 duk shekara har shekara huɗu, daga nan kuma kimanin kashi 3 da rabi. Jadawalin biyan da aka tsara a lokacin ya kai har shekarar 2053. A watan Janairun 2024 gundumar ta sayar da wasu sababbin takardu na fiye da dala biliyan 2 don ta fanshi waɗancan da ruwa mai sauƙi.